Asalin Saniyar Ware, Daga Ruga Zuwa Birnin Gwari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruga da hantsi, a gefen dajin Kamuku ko na Kuyambana, ya ga makiyayi ya kora garke kiwo ya bar saniya guda ɗaure a turke, tana kuka tana fizgar igiya, ba ya buƙatar malami ya yi masa sharhin abin da Bahaushe ke nufi da saniyar ware. Makiyayi yakan ware wadda ya ga alamar cuta gare ta, darasin da annobar bushiya ta ƙara koya masa sa'ad da ta share garkunan ƙasar Hausa wajen 1891. Amma fa yana ware ta ne yana kai mata ciyawa da ruwa da kanwa, yana duba ta safe da maraice, har ta murmure ta koma cikin 'yan'uwanta.

Da maganar ta shigo gari sai ta baro jinyar a ruga, ta zama sunan wanda ba a shawara da shi, ba a rabo da shi. Alhali shari'a ta yi wa ƙauracewa haddi: ba ya halatta ga Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma ko Ka'abu ɗan Maliku, Allah ya yarda da shi, da aka daina yi masa magana bayan Yaƙin Tabuka, dare hamsin ya yi aka karɓi tubarsa.

Birnin Gwari kuwa, da aka mayar saniyar ware, ta wuce dare hamsin nesa ba kusa ba. Garin da ke bisa tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Ikko, wanda masararsa ke cika kasuwannin jihar Kaduna, da 'yan bindiga suka mamaye dajinsa sai direbobi suka riƙa jin tsoron garuruwan Buruku da Udawa da ke kan hanyar, fatake suka ɗauke ƙafa, a 2021 kuma gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta katse layukan waya, ta yadda manomin da aka sace wa ɗa ba shi da ko hanyar sanar da danginsa. A ganina wannan zalunci biyu ne, domin talakan nan bai kawo fitinar ba, aka kuma haɗa shi da ita aka kulle.

Sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar shanun garin, bayan ta shafe shekaru a rufe.