Kofur Williams da Tsibirin Farar Wuta

A watan Agustan 2021 wani tangamemen jirgin ruwan yaƙi na Amurka ya yada zango a tashar jiragen ruwa ta Legas. Sunan jirgin Hershel "Woody" Williams. Da wuya a ce ma'aikatan tashar da suka ga sunan sun san cewa mai shi yana nan da ransa a lokacin, tsoho tukuf ɗan shekara 97, a jihar West Virginia. Abin da ya sa aka raɗa wa jirgi sunansa kuwa aikin awa huɗu ne kacal da ya yi wata rana a shekarar 1945, a wani tsibiri da ake kira Iwo Jima.

An haife shi ranar 2 ga Oktoba, 1923, a ƙauyen Quiet Dell, shi ne auta cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Sana'ar gidansu kiwon shanun tatsa, kuma yana da shekara 11 mahaifinsa ya rasu. Da ya tasa ya yi tuƙin tasi, a nan ne yaƙi ya fara iske shi tun bai sa kaki ba, domin akan ba shi takardar waya ya kai wa iyayen da ɗansu ya faɗi a fagen fama. Shi ne mai ƙwanƙwasa ƙofa, shi ne mai ganin fuskar uwa sa'ad da ta buɗe takarda. Da ya je shiga rundunar Marin, wato sojojin da ake saukewa daga teku su yi yaƙi a tudu, sai aka sallame shi wai ya cika gajarta. Sai a 1943, da aka sassauta ƙa'idar tsawo, aka karɓe shi. Yaƙinsa na farko a tsibirin Guwam ne, a 1944.

Iwo Jima ba wani wurin a zo a gani ba ne. A lokacin yaƙin faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 21 ba, ma'anar sunansa kuwa da Japananci tsibirin farar wuta, saboda warin da ke tasowa daga ƙasarsa. Ba rafi, ba inuwar kirki, sai baƙin yashi mai kama da toka wanda ƙafa ke nutsewa a ciki. Darajarsa ita ce filayen jiragen sama da ke kansa, ga shi kuma kimanin kilomita 1,200 ne tsakaninsa da Tokiyo. Janar Tadamichi Kuribayashi, wanda aka damƙa wa tsaron wurin da sojoji wajen 21,000, ya taɓa zama a Amurka, ya san ƙarfin masana'antunta, ya kuma san ba zai ci wannan yaƙi ba. Dabararsa ita ce ya sa abokan gaba su sayi kowane taƙi na tsibirin da jini. Ya hana mutanensa tarar mahara a bakin gaɓa, ya sa suka haƙa ramuka da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu tsawon kilomita 18, suka giggina ɗakunan kankare masu 'yan tagogin harbi. Ashe ruwan bama-baman da aka yi ta yi wa tsibirin kafin a sauka, kusan duk a kan dutse ya ƙare.

An fara sauka ranar 19 ga Fabrairu, 1945. Bataliyar su Williams ta sauka ranar 21. Ranar 23 ga wata suka cije a gaban jerin ɗakunan kankaren nan, tankokin yaƙi sun kasa buɗe hanya, duk wanda ya ɗaga kai ya sha dalma. Nan ne kyaftin ɗinsu ya waiwayi Kofur Williams da bindigarsa ta feshin wuta.

Ya kamata mai karatu ya san irin wannan makami. Tulunan ƙarfe ne cike da mai ake goyawa a baya, nauyinsu ya haura kilo 30, wutar kuma ba ta cin dogon zango, cikin 'yan daƙiƙoƙi man ya ƙare. Wato dole mai ita ya ja ciki har kusa da bakin tagar da ake harbinsa daga ciki. Aka haɗa shi da 'yan bindiga huɗu su kare shi. Awa huɗu yana kai da komowa, in wannan ta ƙare ya koma ya goyo wata, har sau shida. A wani ɗakin ma hawa kansa ya yi, ya zura bakin bindigar ta kafar shan iska. Ɗakuna bakwai ya kashe, hanya ta buɗe. A ranar ce kuma aka kafa tutar Amurka a kan dutsen Suribachi, Joe Rosenthal ya ɗauki hoton nan da ya zaga duniya. Cikin masu kare shi huɗu, biyu ba su ga faɗuwar rana ba: Warren Bornholz da Charles Fischer.

Kwana 36 aka yi ana gwabzawa. Amurka ta rasa mutum wajen 6,800, wasu kimanin 19,000 suka jikkata. Cikin Japanawa, 216 kawai aka kama da rai a lokacin yaƙin. Har yau masana tarihi ba su daina gardama a kan ko tsibirin ya cancanci wannan jini ba, domin amfanin da aka ci da filayen jiragensa bai kai yadda aka zata ba. A daidai waɗannan watanni, kakanninmu na Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma suna dazukan Arakan a ƙasar Bama, suna fafatawa da sojojin sarkin Japan ɗin nan dai. Su ba a raɗa wa ko kwalekwale sunansu ba.

Ranar 5 ga Oktoba, 1945, Shugaba Truman ya rataya wa Williams lambar jarunta mafi girma ta ƙasarsu. Amma lamba ba ta sa barci. Shekara da shekaru yana fama da munanan mafarkai, bai sami sauƙi ba sai a 1962 da ya rungumi addininsa hannu bibbiyu. Ni a ganina wannan ɓangaren ya fi awa huɗun nan nauyi. Takardar yabo ta ƙirga ɗakunan da ya ƙona, ba ta ƙirga mutanen da ke ciki ba, alhali su ma 'ya'yan wasu ne, an kuma kai wa iyayensu irin takardar da shi ya saba kaiwa. Bai taɓa yarda lambar tasa ce shi kaɗai ba. Yakan ce riƙo yake yi wa mutum biyun da suka mutu suna tsare shi.

Shekara 33 ya yi yana aiki a hukumar kula da tsofaffin sojoji. Da tsufa ya kama shi, sai direban tasin nan ya sake farkawa a zuciyarsa: ya kafa gidauniya don gina wuraren tunawa da iyalan da suka rasa nasu a yaƙi, kafin rasuwarsa an gina sama da ɗari. Ya rasu ranar 29 ga Yuni, 2022, yana da shekara 98, shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka sami wannan lamba a Yaƙin Duniya na Biyu. An ajiye gawarsa a zauren majalisar dokokin Amurka don ban kwana.

Tsibirin kuwa tun 1968 aka mayar wa Japan abinta. Sama da sojojinta 10,000 har yanzu ba a gano ƙasusuwansu ba, suna can cikin ramukan da suka haƙa da hannunsu.