Wasiƙa Daga Kent: Layin Dogon Da Ya Koma Hanyar Keke A Dajin Blean

Wasiƙar wannan karon daga gundumar Kent take, a kudu maso gabashin Ingila, kuma a kan wata hanyar keke ce da ta tashi daga birnin Kantabari ta nufi garin Whitstable a bakin teku, tafiyar mil 7 da ɗoriya. Turawa na kiranta Crab and Winkle Way, wato hanyar ƙaguwa da katantanwar teku. A ranakun hutu nakan bi ta, kuma abin da kowa ke yabawa game da ita shi ne shiru: babu mota a mafi yawanta, sai kukan tsuntsaye da ƙarar tayar keke a kan tsakuwa. To amma mai karatu, shirun nan sabon abu ne. Da na bi diddigin tarihin wurin sai na tarar da cewa shekaru ɗaruruwa wurin aiki ne, na gatari da hayaƙi da gumi.

Hanyar ta ratsa ta dajin Blean, ɗaya daga cikin manyan tsoffin dazuzzukan Ingila, mai faɗin kusan murabba'in mil 11. A nan ƙasar idan aka ce tsohon daji, akwai ma'auni: sai wurin da aka tabbatar itatuwa ba su taɓa yankewa a cikinsa ba tun daga shekarar 1600. Irin wannan bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari na ƙasar Birtaniya ba. To me ya hana a share Blean a yi gonaki kamar sauran? Abu biyu ne. Na farko ƙasar wurin laka ce mai nauyi, ta jiƙe da hunturu, ta tsage da zafi, garma ba ta jin daɗinta. Na biyu kuma dajin yana da masu shi, kuma yana kawo musu kuɗi. Akasarinsa mallakar majami'un Kantabari ne da gidajen 'yan zuhudunsu, shi ya sa har yau wani yanki nasa sunansa Church Wood, wato dajin coci. Idan ka sauka daga keke ka duba gefen hanya za ka ga 'yan ƙananan ganuwoyi na ƙasa da gwalalo a gindinsu, sun shige cikin itatuwa. Iyakoki ne, da su kowane mai daji ya shata nasa ya kuma tsare shi daga dabbobin maƙwabta.

Yadda suke cin moriyar dajin shi ne ya fi burge ni. Ba sa tumɓuke itace. Sai su sare shi daga gindi su bar kututture, shi kuma ya yi toho da rassa masu yawa miƙaƙƙu. Bayan shekara goma sha wani abu su dawo su sake sarewa. Bana wannan yanki, baɗi na gaba, haka suke zagayawa har su dawo inda suka fara. A tsakani sukan bar manyan itatuwan oak su riƙa, don katakon gini, ɓawonsu kuma majema su saya. Ƙananan kuwa su ne itacen girki da gawayi da shinge. Itacen da ake yi wa haka yakan ma fi wanda aka ƙyale daɗewa. Duk wanda ya san yadda manoman Maraɗi suka koma barin kututture ya yi toho a gona tun daga shekarun 1980, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Masu ginin tukwane da tubalin rufi na ƙauyen Tyler Hill, wanda hanyar ke wucewa kusa da shi, da wannan laka da wannan itace suka yi ta sana'arsu tun zamanin da. Akwai kuma burtali da makiyaya ke koro dabbobi ta ciki, ga wata tsohuwar hanya da ake kira hanyar gishiri, wadda ta ita ake ɗauko gishirin da aka dafa a bakin teku wajen Seasalter. Wani ɓangare na hanyar keken a kanta yake, daidai inda za ka wuce wani ɗan coci shi kaɗai a cikin gonaki.

Sai kuma jirgin ƙasa. Kantabari na buƙatar kwal da kaya daga teku, kogin da ya ratsa ta kuwa ba ya ɗaukar manyan jiragen ruwa. Shi ne aka shimfiɗa layin dogo mai tsawon mil 6 zuwa Whitstable, aka buɗe shi ran 3 ga Mayu, 1830, wata huɗu kafin shahararren layin nan na Libaful zuwa Mancesta, shekara 81 kafin dogo ya isa Kano. Kan jirgin, mai suna Invicta, daga masana'antar Robert Stephenson ya fito. Ma'anar sunan wai wanda ba a cin galabarsa, amma kuwa tudu ya ci galabarsa, domin bai iya hawa ba. Ɗan fegin da ke kusa da Whitstable kawai yake ja. Sauran tafiyar injunan tururi ne da aka girke a kan tudu, ɗaya a Tyler Hill ɗaya a dajin Clowes, suna jawo taragai da igiya kamar mai jan guga. Daga baya an ajiye Invicta, a 1839 aka sa shi a kasuwa, ba a samu mai saye ba. Har yanzu a dajin Clowes akwai wani ɗan kududdufi zagayayye da ke ba injin ruwa, a nan masu keke ke tsayawa cin guzuri. A kan wannan layi ne a 1834 aka sayar da tikitin zango, wanda ake cewa shi ne na farko a duniya, don mutanen Kantabari masu zuwa shan iskar teku.

Layin bai taɓa yin arziki ba. Ramin da aka huda masa a tudun Tyler Hill ya yi ƙunci, har sai da aka riƙa rage wa kawunan jirage tsawo kafin su shige. An daina ɗaukar fasinja a 1931, an rufe shi a 1952, aka ɗan sake buɗewa na 'yan makonni bayan ambaliyar 1953, daga nan aka kwashe ƙarafan. A 1974 wani ɓangare na ramin ya rufta, ya lalata wani gini na Jami'ar Kent da ke samansa. Sai a 1999 aka buɗe hanyar keken, wadda ba duk tsohon layin ta bi ba. A ganina kwal ɗin da jirgin ya yi ta ratsa dajin da shi yana cikin abin da ya kashe wa dajin kasuwa, don wanda ya samu kwal ba ya neman itace.

Da masu sara suka ragu sai dajin ya rufe, ya yi duhu. Akwai wani malam-buɗe-littafi da ba ya rayuwa sai a filin da aka sare kwanan nan, inda ciyawar da 'ya'yansa ke ci take fitowa, har ana yi masa laƙabi da mai bin masu sara. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya kusa ƙarewa a Birtaniya. Dole masu kula da gandun suka koma sara irin na da, yanzu Blean na cikin wuraren da ya fi yawa. A watan Yulin 2022 kuma aka saki ɓaunar Turai guda uku a wani shingen daji da ke gabas da hanyar, don su riƙa karya itatuwa suna buɗe fili. Ɗaya ta haihu a watan Satumba, ba wanda ya san tana da ciki.

In kana da sauran ƙarfi a gwiwa, karkata yamma ta ƙananan hanyoyin ƙauye zuwa Dunkirk da Hernhill. A dajin Bossenden da ke nan, ran 31 ga Mayu, 1838, sojoji daga Kantabari suka buɗe wuta a kan 'yan ƙodagon gona. Wani mutumin Cornwall ne, John Thom, mai kiran kansa Sir William Courtenay, wanda ya taɓa zama a gidan mahaukata, ya tara su da da'awar cewa shi mai ceto ne. Su kuwa talauci da sabuwar dokar matalauta ta 1834 sun kai su maƙura. Da safiyar ranar ya harbe ɗaya daga cikin waɗanda aka aiko su kama shi. Akasarin mutanensa sanduna kawai ke hannunsu. Cikin 'yan mintoci mutum 11 suka mutu ko suka samu raunin ajali: shi, da mabiyansa 8, da mutum biyu daga ɓangaren hukuma. Shi da mafi yawansu a harabar cocin Hernhill aka binne su.

Shi kuwa Invicta, tun 2019 yana gidan tarihi na Whitstable, tafiyar 'yan mintoci daga inda hanyar keken ta ƙare. Sai wasiƙa ta gaba.