Daga Ahalari zuwa MTH 101: Tarihin Tambayar "Me Ka Karanta?" a Yammacin Zamfara

A ƙaddara wani ɗalibin ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau, ɗan Gummi ko Anka ko Bukkuyum, an ba shi batun kundin digirinsa: ya zuba tsarin kwasa-kwasan sashensu cikin sigar da na'ura za ta iya karantawa. A ido, aikin ba shi da wuya. Zai buɗe jadawali ya yanka masa gurabe: lambar kwas, sunansa, yawan yunit, zangon da ake yin sa, da kwas ɗin da dole a ci kafin a shige shi. Sai dai da zarar ya fara zaɓen guraben nan, ya faɗa cikin wata tsohuwar tambaya da ƙasarsu ta riga ta amsa sau biyu tun kafin a haife shi: yaya za a rubuta abin da mutum ya karanta, ta yadda wanda bai san shi ba zai gaskata? Kowace amsa daga cikin biyun ta riƙe wani abu, ta saki wani.

Tsanin littattafai

Amsa ta farko ta fito ne daga zaure. A ƙasar Zamfara, kamar sauran ƙasar Hausa, wanda ya sauke Alƙur'ani ya shiga makarantar ilimi yakan tarar da tsani a kafe. A fannin fiƙihu yakan fara da Ƙawa'idi, sannan Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, har ya kai ga Muhtasar. A nahawu daga Ajurumiya ake tashi, a nufi Alfiyya. Babu majalisar da ta zauna ta tsara wannan jeri. Littattafan ma daga zamani da ƙasashe daban-daban suka zo: mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya rasu a 996, Halil mai Muhtasar mutumin Masar ne na ƙarni na 14, mai Ahalari kuwa ɗan Aljeriya ne na ƙarni na 16. Gogewar malamai ce ta jera su daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, har kowa ya san cewa ba a ɗora wa wanda bai biya Risala ba karatun Muhtasar.

Wannan tsari ya samu wanda ya rubuta shi tun da wuri. A 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa *Ida'un Nusuhi*, inda ya lissafta malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Ya faɗi cewa yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi ga yayansa Shehu Usmanu, wanda ya biya masa Ishiriniya da littattafan tauhidi na Sanusi, da Ajurumiya, da Ahalari, Ishmawi da Risala. Daga nan ya bi sauran malamai, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Wani yanki na wannan rayuwa ta koyo da koyarwa a Zamfara aka yi shi, domin Shehu da ƙanensa sun shafe kimanin shekara biyar suna wa'azi a ƙasar, daga ƙarshen shekarun 1780. A lokacin daular Zamfara na cikin rauni bayan Gobirawa sun ci birninta, kuma sai a ƙarni na 19 sarautar ta sami mazauni a Anka.

Wanda ya karanta littafin Abdullahi da idon mai tsara bayanai zai ga gurabe uku: malami, littafi, da silsilar da ta haɗa malamin da na gabansa. Ita ma ijaza haka take. Gurbin da babu shi ne na lokaci. Wani ya gama Risala a wata shida, wani a shekara uku, kuma babu wanda ya faɗi. Maimaita littafi a gaban wani malami na daban ƙarin daraja ne. Rauninsa shi ne, shaidar ba ta aiki sai inda aka san sunan malamin.

Mutumin Gummi a tsakanin tsari biyu

Rayuwar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ta nuna yadda aka ƙetara daga amsa ta farko zuwa ta biyu. An haife shi a Gummi a farkon shekarun 1920, ya fara karatu a gaban mahaifinsa, wanda malami ne kuma alƙali. Daga nan ya shiga elementare a Dogondaji, ya wuce Midil ta Sakkwato, sannan Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 da malamai daga Sudan, aka kuma sauya mata suna zuwa Makarantar Nazarin Larabci a 1947.

Abin da makarantar Kano ta yi ya fi kama da sauya mazubi. Fiƙihun Malikiyya da nahawu su ne dai ake karantarwa, amma yanzu akwai aji, da ƙararrawa, da adadin shekaru, da jarrabawa, da takardar shaida mai hatimi. Da irin wannan takarda Gumi ya koyar a Maru, ya tafi ƙarin karatu a Bahtar Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950, ya kuma zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Takwarorinsa da yawa da suka tsaya a zaure, wasunsu ba su gaza shi zurfin karatu a lokacin ba, ba su da abin nuna wa ofis. Tun daga nan aka rabu gida biyu: masu ilimin da hukuma ke iya karantawa, da masu ilimin da ba ta da gurbin rubuta shi.

Yadda awa ta zama ma'auni

Yunit ɗin da ɗalibin Gusau zai sa a jadawalinsa daga Amurka ya taso. Bayan Charles Eliot ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1869, ya buɗe wa ɗalibai ƙofar zaɓen darussa. Da kowa ya kama hanyarsa, sai aka buƙaci mudun da za a auna karatun mutane daban-daban da shi. A 1906 Gidauniyar Carnegie, wadda aka kafa domin fanshon malaman jami'a, ta tsayar da awa 120 na zama a aji a matsayin ma'aunin darasi ɗaya na sakandare, daga nan tunanin auna ilimi da awa ya bazu cikin jami'o'i.

Nijeriya ba ta fara da wannan mudu ba. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta bi tsarin Ingila na babbar jarrabawa bayan dogon karatu. Jami'ar Nsukka ce ta shigo da salon Amurka a 1960. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sami ikon tsayar da mafi ƙarancin ma'auni ta dokar soja mai lamba 16 ta 1985, ta fitar da kundin farko a 1989, ta sabunta shi da BMAS a 2007, sannan ta ƙaddamar da CCMAS a Disambar 2022. A wannan na ƙarshe, hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na manhaja, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Yunit ɗaya shi ne awa ɗaya ta lacca a mako har tsawon mako 15, kuma digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120.

Wannan tsari ya warware matsalar ijaza. Ma'aikaci a Legas ko jami'a a ƙetare ba sa buƙatar sanin wanda ya koyar da MTH 101 a Gusau ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Lamba da yunit da maki sun wadatar. Amma kuɗin da aka biya shi ne guraben da Abdullahi ya fi ba muhimmanci. Takardar sakamako ba ta ɗauke da sunan malami, ba ta faɗin littafin da aka karanta. Maimaita darasi, wanda ya kasance ado a zaure, ya koma kari-oba.

Abin da jadawali zai bayyana, da wanda zai haɗiye

Kayan aikin amsa ta uku sun daɗe a hannu. Tun 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa ƙa'idar adana bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna. A 2011 Google da Bing da Yahoo suka kafa schema.org, ƙamus na bai ɗaya da shafukan intanet ke bayyana abin da ke cikinsu, daga baya aka ƙara masa sigar kwas mai ɗauke da lamba da sharuɗɗan shiga.

Amfanin farko na irin wannan aiki shi ne fito da abin da ke ɓoye cikin littafin jagoran ɗalibai. Idan aka zana kowane kwas a matsayin ɗigo, aka ja kibiya daga sharaɗi zuwa abin da ya dogara da shi, nan take za a ga kwasa-kwasan da suka tsare ƙofa. Faɗuwa ɗaya a kwas da ake bayarwa sau ɗaya a shekara, wanda wasu uku ke rataye a wuyansa, tana iya cinye shekara guda. Ga iyalin da ke sayar da hatsi ko dabba don biyan kuɗin makaranta da haya a Gusau ko Sakkwato, shekara guda babbar asara ce.

Amfani na biyu ya fi shafar yammacin Zamfara. Ɗalibai da dama daga can ba kai tsaye suke shiga jami'a ba. Sukan bi ta Kwalejin Ilimi ta Maru, ko kwalejojin kimiyya da fasaha na Talata Mafara da Ƙaura Namoda, sannan su nemi shiga aji biyu. Wane darasin NCE ko difloma ne ya yi daidai da wane kwas na jami'a? Muddin amsar na cikin kan jami'i ɗaya, to tana sauyawa da sauyin kujera. In an rubuta ta a jadawali, ɗalibi zai iya dubawa, ya kuma ƙalubalanta.

Sannan akwai lokaci kansa. An gina tsarin yunit a kan zaton zango na bin zango ba yankewa. A Satumbar 2021 an rufe makarantun Zamfara saboda satar ɗalibai, aka kuma katse layukan waya a jihar. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas. Bayan shigowar CCMAS kuwa, an sami 'yan tsohuwar manhaja da 'yan sabuwa a sashe ɗaya. Jadawalin da ba shi da gurbin "a wace shekara, a ƙarƙashin wace manhaja" zai yi wa wanda karatunsa ya katse ƙarya, ya nuna shi da bashin kwas da aka riga aka sauya wa lamba.

Saura tambaya mafi nauyi. A Anka da Gummi da Bukkuyum har gobe akwai zaurukan da ake hawa tsanin nan na Ahalari zuwa Muhtasar. Hukumar NBAIS, wadda asalinta ke komawa zamanin Sardauna, tana ba 'yan makarantun Larabci da Islamiyya masu aji shaidar shiga jami'a, amma wanda ya shekara goma a gaban malami ɗaya a zaure yana nan inda takwarorin Gumi suka tsaya. Na'ura ba ta ganin abin da ba a yanka masa gurbi ba. Idan jadawalin ɗalibin nan ya tsaya ga lamba da yunit da zango, zai sa tsohuwar rarrabuwar ta ƙara sauri ne kawai. Idan kuwa ya ƙara gurbin malami, da na littafin da aka karanta, da damar a karanta abu ɗaya sau biyu ba tare da an kira shi faɗuwa ba, to mazubinsa zai ɗauki takardar sakamakon Gusau, ya kuma ɗauki jerin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta a 1812. Ƙarin gurabe uku ne, aikin da bai wuce yini ɗaya ba a gaban kwamfuta.