Rosemary Knight: Masaniyar da ke auna ruwan ƙarƙashin ƙasa daga sama

Rosemary Knight farfesa ce a fannin kimiyyar ƙasa a Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Ta yi digiri na farko da na biyu a Jami'ar Queen's ta Kanada, ta kammala digirin digirgir a Stanford a 1985. Ta koyar a Jami'ar British Columbia kafin ta dawo Stanford a shekarar 2000.

Kamfanonin man fetur da ma'adinai sun daɗe da sanin dabarun gano abin da ke cikin ƙasa ba tare da haƙa ba. Knight ta karkata waɗannan dabaru zuwa ga ruwa, domin rijiyar burtsatse labarin inda aka haƙa ta kaɗai take bayarwa. Abin da ke tsakanin rijiya da rijiya kuwa sai dai hasashe.

Hanyar da aka fi saninta da ita ita ce ta jirgi mai saukar ungulu. Jirgin kan rataya wani ƙaton zobe mai aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, na'ura kuma ta auna yadda kowane sashe ke ɗaukar lantarki, har zurfin ɗaruruwan mita. Yumɓu da ruwan gishiri suna ɗaukarsa da sauƙi, yashi da tsakuwa masu ruwan daɗi kuwa suna turjewa. Da wannan bambanci ake zana taswira.

A gaɓar Monterey, inda yawan zuƙar ruwa ya jawo ruwan teku cikin rijiyoyi, tawagarta ta nuna inda gishirin ya kutsa. A Kwarin San Joaquin matsalar ta fi muni: kusa da garin Mendota ƙasa ta nutse da kusan mita 9 tsakanin 1925 da 1977, saboda yumɓu kan danƙare idan aka zuƙe ruwansa, kuma akasari ba ya sake buɗewa. Wani bincike da ta yi da abokan aikinta a 2018 ya alaƙanta irin wannan zuƙa da ƙaruwar gubar arsenik a ruwan rijiyoyi.

Kalifoniya ta kafa dokar kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa a 2014, a makare ƙwarai idan aka dubi ɓarnar. Daga 2021 hukumar ruwa ta jihar ta fara irin wannan awo ta sama a manyan kwarurukanta. Taswirorin ba sa hana kowa zuƙar ruwa, amma suna nuna filayen da ke da yashi a ƙarƙashi, inda za a iya malala ruwan ambaliya ya tsuma ya koma ƙasa.