Kare a Tarihin Binciken Sinadaran Firgita: Daga Jini Zuwa Ido

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda masana suka gano sinadaran da jiki ke zubawa cikin jini a lokacin tsoro ko wahala, da kuma matsayin kare a cikin wannan bincike. Za a ga cewa dabbar da aka fara amfani da ita a matsayin kayan gwaji ita ce daga baya ta koma majiyyaciya.

Matakin Farko

A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirinal. A shekarar 1855 Thomas Addison, likita a Landan, ya bayyana cutar da ke kama wanda tasa ta lalace. Shekara guda bayan haka Brown-Séquard ya cire ta daga jikin dabbobi, har da karnuka, duk suka mutu. Wannan ya tabbatar da cewa rai ba ya ɗorewa sai da ita. A 1894 Oliver da Schäfer suka ɗura wa wani kare ruwan da suka tatso daga tsokar, nan take jininsa ya hau. A 1901 Takamine ya tace sinadarin da ke haddasa haka, wato adirinalin.

Shigowar Ido

A zamanin babu na'urar awo, saboda haka gaɓoɓin dabbobi aka mayar ma'auni. A 1905 Ehrmann ya nuna cewa idan aka tsoma idon kwaɗo cikin ruwa mai adirinalin, tsakiyar baƙin idon takan buɗe. A 1911 kuma Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya sa kare ya yi ta haushi a gaban kyanwa, sa'an nan ya sami sinadarin ya ƙaru a jininta. Daga nan aka san cewa tsoro yakan bar alama a jini.

Ɓawon tsokar kuwa wasu sinadarai dabam yake fitarwa, babbansu shi ne kotizol. Ɗan'uwansa kotizon ya shiga hannun likitoci a 1948, kuma a kansa Kendall da Hench da Reichstein suka sami kyautar Nobel a 1950. Ba a daɗe ba aka lura cewa yawan ɗiga irin wannan magani yakan ƙara matsin ruwan cikin ido ga wasu mutane, har ya kai ga makanta. Wannan ya sa aka koma tambayar ko kotizol na jiki ma yana ratsawa daga jini zuwa ruwan ido. Hanyar awo da Yalow da Berson suka fito da ita wajen 1960 ita ta ba da damar auna shi a cikin ɗan ɗigo.

Kammalawa

A farkon shekarun 1980 likitocin dabbobi a Amurka suka bayyana wata makanta da ke faɗa wa kare farat ɗaya, sau da yawa tare da yawan ci da yawan shan ruwa, alamun da suka yi kama da na yawan kotizol. Amma fa akwai matsala: kamun kare da soka masa allura su kansu suna ɗaga sinadarin cikin 'yan mintoci. Don haka wajibi ne mai bincike ya rubuta lokacin da ya ɗebi jinin da yadda aka riƙe dabbar, in ba haka ba tsoron da shi ya jawo zai auna, ya ɗauka cuta ce.