Ƙal'atul Hisni: Tarihi da Tsarin Ginin Wata Kagara da Majami'arta a Ƙasar Sham

1.0 Gabatarwa

Ƙal'atul Hisni kagara ce ta dutse wadda aka gina bisa wani tudu a yammacin ƙasar Siriya, kimanin kilomita 40 yamma da birnin Hims. Tsawon tudun ya kai mita 650 daga doron teku, kuma yana tsaye ne a bakin kwazazzabon da ya raba duwatsun Ansariyya da na Labanan. Ta wannan kafa fatake da mayaƙa suke bi daga gaɓar Bahar Rum zuwa cikin ƙasar Sham, saboda haka duk wanda ya riƙe tudun, hanya tana hannunsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin kagarar da tsarin gininta, tare da mayar da hankali ga ƙaramar majami'ar da ke cikinta, domin a jikinta ne aka fi ganin yadda kowane mai mulki ya ɗora nasa aiki a kan na wanda ya gada.

2.0 Sunayen Kagarar

Tun daga sunayen wurin ana iya karanta tarihinsa. Da farko ana kiransa Hisnus Safhi, wato kagarar gangare. A shekarar 1031 Sarkin Halab, Shiblud Daula Nasru, ya zaunar da dakarun Kurdawa a wurin domin tsaron hanya, sai suna ya koma Hisnul Akradi, kagarar Kurdawa. Da Turawan yaƙin Salibiyya suka zo, waɗanda Larabawa suke kira Faranja, harshensu ya lanƙwasa sunan ya zama Crat, daga baya Crac, har ya yi kama da kalmar karak ta Suryananci mai ma'anar kagara. Sunan Faransanci da ya fi shahara a littattafai, Krak des Chevaliers, ba a san shi ba a zamanin yaƙe-yaƙen. Marubutan ƙarni na 19 ne suka raɗa shi.

Akwai wani abin lura ga mai nazarin aron kalmomi. Ƙungiyar mayaƙan da ta gina kagarar ta samo asali ne daga wani gidan jinyar masu ziyara a Birnin Ƙudus, don haka Larabawa suka kira 'ya'yanta Isbitariyya. Wannan suna da kalmar asibiti ta Hausa tushensu ɗaya ne a Latinanci, sai dai ɗaya ya shiga Larabci a ƙarni na 12, ɗaya kuwa ta shigo Hausa ta bakin Ingilishi bayan ƙarnuka.

3.0 Zamanin Isbitariyya

Faranja sun fara taka tudun a 1099 a kan hanyarsu ta zuwa Ƙudus, amma ba su zauna ba. Tankirid na Antakiya ne ya kama shi a 1110. Wajen 1142 Raimon na Biyu, mai mulkin Tarabulus ta Sham (wadda take Labanan a yau, ba ta Libiya ba), ya miƙa shi ga Isbitariyya saboda ba shi da dukiya da mutanen da za su tsare iyakarsa ta gabas.

Cikin shekara fiye da ɗari da ashirin da suka yi a wurin, girgizar ƙasa ta fi abokan gaba yi musu ɓarna. Nuruddini ya yi sansani a kwarin Buƙai'a da ke ƙarƙashin kagarar a 1163, aka far masa ba zato, ya tsira da ƙyar. Salahuddini ya zo a 1188 bayan nasarar Hittin, ya dubi ganuwar, ya ga ba ta cancanci ɓata lokaci ba, ya wuce arewa. Amma girgizar ƙasa ta 1170 ta rushe yawancin ginin farko, ta 1202 kuma ta sake tilasta babban gyara. Kusan duk abin da ido yake gani na aikin Faranja a yau ya biyo bayan waɗannan masifu biyu ne. A lokacin ƙarfinta kagarar tana ɗaukar dakaru wajen 2,000, kuma masu ita suna karɓar haraji daga garuruwan Musulmi na kewaye.

4.0 Tsarin Gini

Ganuwa biyu ce, ɗaya cikin ɗaya. Ta ciki ita ce tsohuwa, ta waje kuwa an zagaya ta ne a ƙarni na 13, tsayinta kusan mita 9, da hasumiyoyi masu siffar rabin da'ira. An sa ta ciki ta ɗara ta waje tsawo ƙwarai, yadda maharba na sama za su iya harbi ta bisa kawunan 'yan'uwansu na ƙasa.

Raunin tudun yana kudu, inda ya manne da sauran tsaunin, kuma a nan magina suka zuba ƙarfinsu. Sun tayar da manyan hasumiyoyi uku, suka lulluɓe gindinsu da gangaren sassaƙaƙƙen dutse mai kauri, wanda yake hana a haƙa ƙarƙashin bango, yake kuma tallafe ginin idan ƙasa ta motsa. A gabansa akwai babban tafki tsakanin ganuwoyin biyu, ana kawo masa ruwa ta wata magudana da aka ɗora bisa bakuna. Tafkin gwalalo ne a lokacin yaƙi, mashayar dawaki a lokacin zaman lafiya. Ƙofar shiga tana gabas, kuma wanda ya shige ta sai ya hau wata doguwar hanya rufaffiya mai lanƙwasa kamar ƙugiya, da kafofi a sama waɗanda ake jefo duwatsu ta cikinsu.

4.1 Majami'a

Majami'ar tana arewa maso gabas na farfajiyar ciki, jingine da ganuwa, har ƙarshenta na gabas ya zama ɗaya daga cikin hasumiyoyin tsaro. An sake gina ta bayan girgizar 1170. Tsawonta mita 21.5, faɗinta mita 8.5, an kasa ta gida uku kusan daidai da juna. Rufinta baka ne guda ɗaya miƙaƙƙe, mai kama da rabin ganga a kife, ba irin daurin guga mai haƙarƙari ba wanda maginan Faransa suka riga suka koma gare shi a lokacin. A idon mutanen Faransa na wancan zamani tsohon yayi ne, kuma ta yi kama da majami'ar kagarar Marƙab wadda Isbitariyya suka mallaka a 1186. Babu adon sassaƙa mai yawa. Tagoginta 'yan kaɗan ne, suna can sama, in ban da babbar taga ta gabas. Wanda ya kwatanta ta da zauren taro da shirayinsa da aka gina a ɗaya gefen farfajiyar a ƙarni na 13, masu siraran ginshiƙai da furannin dutse, zai ga cewa ɗakin ibadar ya fi ɗakin taro kama da aikin soja.

Wannan rashin ƙawa ya taimaki ginin. A ranar 3 ga Maris 1271 Sarkin Mamluka na Masar, Zahir Baibars, ya yi wa kagarar zobe. Ruwan sama ya jinkirta shi, amma kafin ƙarshen watan mahaƙansa sun rusa wata hasumiya ta ganuwar waje a kudu maso yamma. Masu tsaro suka ja da baya zuwa ganuwar ciki, wadda ba a taɓa fasa ta da ƙarfi ba. Marubutan tarihi sun ruwaito cewa an aika musu da wasiƙar jabu da sunan shugabanninsu na Tarabulus, mai ba su izinin miƙa wuya. A ranar 8 ga Afrilu suka fita bisa amana, aka bar su suka tafi gaɓar teku.

Baibars bai rushe majami'ar ba, masallaci ya mayar da ita. Aikin da hakan ya buƙata kaɗan ne. Kiristocin da suka gina ta gabas suke fuskanta, jama'a na tsaye a tsawon ɗakin, liman nasu yana can ƙurya. Alƙiblar mutanen Sham kuwa kudu take. Saboda haka sai aka yi mihirabi biyu, aka kafa mumbari na dutse, masu salla suka juya suka fuskanci dogon bango. Ɗakin da yake siriri mai zurfi ya zama mai faɗi, sahu yana miƙewa fiye da mita 20, wanda shi ne tsarin da masallaci ya fi so tun asali. Ba a taɓa rufi ba, ba a ƙara ginshiƙi ba. Mai ziyara yana iya tsayawa a tsakiyar ɗakin ya ga ƙuryar Isbitariyya a gabas da mumbarin Mamluka a kudu.

5.0 Daga Mamluka Zuwa Yau

Mamluka sun gyara ɓangaren kudu da suka fasa, suka ƙarfafa ƙofar gabas, suka bar rubutun Larabci mai ɗauke da sunan Baibars a bisanta. Sarki Ƙalawun ya ƙara babbar hasumiya mai kusurwa huɗu a kudu a 1285. Da Tarabulus ta faɗi a 1289, Akka kuma a 1291, sai amfanin kagarar ya ragu, tun da babu sauran abokin gaba a gaɓar teku. A ƙarshen zamanin Usmaniyya talakawa suka shiga suka gina gidaje a cikinta. Faransa, wadda take riƙon Siriya a lokacin, ta saye wurin a 1933, ta fitar da mazauna wajen 500, ta rushe gidajensu domin ta fito da ginin Faranja. Abin da aka samu na ilimin gini yana da yawa, amma an share wani babi na tarihin wurin ba tare da an ɗauke shi da daraja ba.

Hukumar UNESCO ta sa kagarar cikin wuraren tarihi na duniya a 2006, ta kuma mayar da ita jerin waɗanda suke cikin haɗari a 2013. A yaƙin basasar Siriya 'yan tawaye sun fake a cikinta daga 2012, aka yi mata ruwan wuta ta ƙasa da ta sama, har sojojin gwamnatin Asad suka ƙwace ta a watan Maris 2014. Shirayin zauren taro da wasu hasumiyoyi sun ji rauni, majami'ar ma ba ta tsira ba, amma rufinta da mumbarinta suna nan tsaye.