Lissafin Taurarin Damina a Ƙasar Cake

Lissafin taurari tsohuwar hanya ce da manoman Cake da sauran ƙauyukan Mayahi da Tasawa suke bi don sanin lokacin shuka. A wannan yanki na jigawa da ke arewacin Maraɗi damina gajera ce, kuma wanda ya yi kuskuren kwana goma yana iya rasa geron shekara.

Tushensa biyu ne. Na farko ilimin gargajiya ne na duban sama da ido. Kaza da 'ya'yanta kan ɓace daga yamma idan bazara ta tsananta, sai ta sake ɓullowa ta gabas da asuba wajen watan Yuni, lokacin da ake gyara sungumi. Na biyun malamai ne suka zo da shi daga littattafan Larabci, ta hanyar Katsina, wadda Tasawa take ƙarƙashinta kafin jihadin 1804. A Katsinan aka yi Muhammadu al-Katsinawi, masanin hisabi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Malaman sun kasa shekara gida 28, kowane gida da tauraronsa da kwana 13, ban da Jabha mai 14. Jimilla 365 ke nan. Bakwai ne na damina: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Manomi ba ya buɗe littafi. Malamin gari yake tambaya wane tauraro ake ciki, sannan ya tona ƙasa da hannu ya ga iyakar inda laima ta kai. Mai ƙarfin hali kuwa binne yake yi, ya zuba iri a busasshen rairayi ya jira.

  

Farin 1973 da na 1984 sun nuna cewa tauraro na iya shiga amma ruwa ya ƙi zuwa. Yanzu hasashen damina ta rediyo ake jinsa, daga ma'aikatan yanayi da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974.